Maƙalar neman jami'a a Amurka: in rubuta da bakin tattabara ko da bakina?

Ɗan Ƙofar Doka:

Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo.

Na gama sakandare a Zariya bana, sakamakon WAEC ya yi kyau, alhamdulillahi. Yanzu ina cike fom ɗin Common App, wanda ake neman jami'o'i da yawa da shi a lokaci guda, don neman gurbin karatu da tallafi a Amurka, Bayoloji nake so in karanta. Komai yana tafiya in ban da maƙalar nan da ba a yarda ta wuce kalma 650 ba. Nan na tsaya cak, ga shi wa'adin zagayen farko 1 ga Nuwamba ne.

Abin da nake so in rubuta a kai shi ne tattabaru. Tun ina firamare nake kiwonsu a bayan ɗakin Umma, cikin tukwanen ƙasa da muka rataya a bango. Da na shiga sakandare sai na ware littafin makaranta guda ina rubuta komai: wace mace ce da wane namiji, ranar da ta saka ƙwai biyun, ranar da aka ƙyanƙyashe (kwana 18 ne kusan kullum), da launin da 'ya'yan suka fito da shi. Ba wanda ya sa ni. Gardama ce muke yi da ƙanena kan wace tattabara ce ta wa, na ga rubutu ne kawai zai raba mu.

Daga baya, ina bin shafukan, sai na lura da wani abu. Duk lokacin da jar mace ta haɗu da namiji mai launin shuɗi-shuɗi, irin mai layi biyu baƙaƙe a fiffike, to 'ya'yan da suka ɗauko jan uwar maza ne, waɗanda suka ɗauko launin uban kuma mata ne. Ɗa ya bi uwa, 'ya ta bi uba. Mazan ma sukan fito da ɗigo-ɗigon baƙi a jela. Mai kiwon tattabara ya san wahalar gane mace da namiji tun suna ƙanana. Sai ka jira watanni, ka ga wanda ya fara kumbura wuya yana jan jela ƙasa yana zagaya 'yar'uwarsa. Ni kuwa da gashi ya fara tsirowa sai in faɗa. Sai bayan nan malamin Bayoloji ya bayyana mini cewa launin yana kan kuromosom ɗin jinsi ne, wato abin gadon da ke cikin ƙwayar halitta mai sa a zama mace ko namiji, kuma a tsuntsaye mace ce mai iri biyu mabambanta, namiji nasa iri ɗaya ne, akasin yadda yake a mutane.

Akwai dattijo a layinmu, Baba muke ce masa, shi ya ba ni tattabaruna biyu na farko, kuma ya girmi mahaifina. Da na gaya masa sai ya ce yaro, tun kafin a haifi ubanka nake wannan kiwo, ba a gane su a ƙanana. Ban musa masa ba. Na dai roƙe shi ya bar ni in ɗaura jan zare a ƙafar waɗanda na ce maza ne cikin nasa. Da suka girma ya ga haka ne, bai ce mini komai ba, amma wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya aiko jikansa ya ce in zo da littafina, akwai waɗanda za a rubuta.

To ga matsalar. Na rubuta iri biyu.

Ta farko da bakin wata tsohuwar tattabarata na rubuta ta, wadda muke kira Hajiya. Ita ke ba da labari: ga yaron nan mai biro ya sake zuwa yana leƙa mana tukunya. Duk wanda na karanta wa sai ya yi dariya. Wani abokina da ke bin irin waɗannan abubuwan a YouTube ya ce ita ce daidai, don masu karantawa suna ganin dubban maƙaloli, in ba ka zo da abin da zai sa su ɗago kai ba ka nutse. Ya kawo mini misalin yarinyar da ta rubuta kan Costco, wani babban kantin Amurka, a 2016 aka ɗauke ta a biyar daga cikin fitattun jami'o'in da ake kira Ivy League, da kuma Jami'ar Stanford.

Ta biyu da bakina ce, tsaf-tsaf, littafin da kuromosom da yadda masanin kimiyya Charles Darwin ma ya yi kiwon tattabaru. Amma in na karanta ta sai in ji kamar rahoton aikin ɗakin gwaji.

Sai kuma ɗan kawuna ya ce duk in watsar. Wai Bature ba tattabara yake son ji daga Arewacin Najeriya ba, in rubuta talauci da rashin tsaro, shi ke sa a ba da kuɗi. Ni kuwa gaskiya babana ma'aikacin gwamnati ne, ba mu da yawa amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma Allah bai jarrabe mu da gudun hijira ba. Raina bai kwanta da wannan ba ko kaɗan.

Wanne zan bi? Ina so a tuna da ni, amma ba na so in zama wani mutum daban a kan takarda.

Yaya Sadik:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina shekarar ƙarshe a wata ƙaramar kwaleji a arewa maso gabashin Amurka, ta wannan fom ɗin na shigo, don haka bari in faɗa maka yadda nake gani.

Maganar ɗan kawunka ka ajiye ta gefe tun yanzu. Kafin ka tura fom sai ka sa hannu cewa abin da ke ciki gaskiya ne kuma aikinka ne, jami'a kuma tana da ikon janye gurbin ko bayan ta ba ka in ta gano ƙarya. Ko ba wannan ba, wahalar da ba ka sha ba ba za ka iya rubuta ta da ƙananan bayanan da ke sa a yarda ba. Wanda ya gudu daga garinsu da dare ya san abin da ya ɗauka da abin da ya bari. Kai za ka rubuta abin da ka ji a rediyo ne kawai. Kuma haƙƙin waɗanda abin ya sama ne, ba naka ba.

Yanzu tattabaru. Abokinka ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai babbar maƙala, wadda ke zuwa duk jami'o'in da ka zaɓa a Common App, akwai kuma ƙananan tambayoyi da kowace jami'a ke ƙarawa nata. Wasa da salo yana da gida, amma galibi a na biyun yake. Jami'ar Chicago ta yi suna da wannan: ɗalibanta da tsofaffin ɗalibai ne ke kawo tambayoyin, an taɓa tambayar me kake ji game da ranar Laraba, an taɓa cewa kawai a nemo x. A can, Hajiya tana iya magana son ranta, don su suka buɗe ƙofar. Stanford tana cewa ka rubuta wa wanda za ku zauna ɗaki ɗaya wasiƙa. Jami'ar MIT, da ba ta ma amfani da Common App, tana tambayar abin da kake yi don jin daɗi kawai. Ka ga wurare uku ke nan da ɓangarenka na barkwanci zai fito ba tare da ka tilasta shi ba.

Babbar maƙalar kuwa aikinta ɗaya ne: wanda ya riga ya ga makinka da wasiƙun malamanka yana so ya ji yadda kake tunani. In ka ba tattabara bakin, dole ta tsaya kan abin da tattabara ke gani, wato yaro da biro. Ba za ta iya faɗa mana abin da ya zo maka a rai ranar da ka jera shafuka ka ga jajayen duk maza ne ba. Kalma 650 ba yawa, za ka ƙarar da rabi wajen raya wasan.

Game da yarinyar Costco, na karanta maƙalar. Kantin ƙofa ce kawai, abin da ke ciki son bincikenta ne tun tana ƙarama, kuma da bakinta ta rubuta. Haka yaron da ya rubuta taken Black Lives Matter, na fafutukar kare haƙƙin baƙar fata, sau 100 a amsar wata tambayar Stanford a 2017 aka ɗauke shi: ya daɗe yana fafutuka kan abin, sauran takardunsa sun nuna. Labarin waɗannan yana yawo ne don sun dace. Waɗanda suka kwaikwaye su aka ƙi su ba wanda ya sa a jarida.

Abin da nake so ka gane shi ne kai ba ka buƙatar ƙirƙiro abin mamaki. Yaro daga Zariya da ya gano gadon launi ta jinsi daga littafin raba gardama da ƙanensa, kafin a koya masa a aji, wannan kansa ya isa ya sa mai karatu ya gyara zama. Tambaya ta shida a jerin bakwai na Common App, wadda ke cewa ka kawo abin da ke ɗauke maka hankali har ka manta lokaci, kamar don kai aka yi ta.

In kana so a san daga inda ka fito, akwai wuri. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2023 da ya hana duba launin fata wajen ba da gurbi, jami'o'i da yawa sun ƙara tambaya kan al'ummar da ka taso a ciki da yadda ta gina ka. Nan za ka kawo Zariya yadda ka san ta. Kiwon kuma ka sa shi a sashen ayyuka, akwai gurbi 10, kowanne bayaninsa harafi 150. Da yawa daga cikinmu ba sa sa irin wannan don suna ganin sai kulob ɗin makaranta ne aiki. Ka sa, har da adadin tattabarun da abin da kake samu in ka sayar.

Malama Hadiza:

Ɗana, ni malamar Ingilishi ce a Kaduna, kuma na zauna da yara da dama kan irin wannan rubutu. Na yarda da Sadik cewa kada Hajiya ta riƙe maƙalar. Amma ban yarda a ce ka koma ta biyun yadda take ba, kuma ina so ka tambayi kanka dalilin da ya sa ta farko ke sa mutane dariya, ta biyu kuma kai kanka take gundurar ka.

Ina ganin na san dalilin, don kusan duk ɗalibaina haka suke. Mu muka koya muku insha'in jarrabawa: gabatarwa, dalili na ɗaya, na biyu, na uku, kammalawa, da manyan kalmomi don a ba da maki. Da zarar yaro ya ce zai rubuta da bakinsa da Ingilishi sai wannan ya taso, ya zama kamar wanda ya ari babbar rigar babansa, hannu ya ɓace a ciki. Da ka ɓuya bayan tattabara sai ka saki jiki, ka yi gajerun jimloli, ka kawo abin da ido ke gani. Wannan muryar taka ce, ba ta Hajiya ba. Ita nake so ka ɗauko ka ce "ni" da ita.

Sannan ka duba abin da ka rubuto mana a sama. A cikin maƙalolinka biyu, bisa yadda ka bayyana su, babu Baba. Ni kuwa wurin da na daina karantawa da idon malama na koma karantawa da zuciya shi ne wurin jan zaren nan. Yaro ya san abin da dattijo bai yarda da shi ba. Bai yi musu ba, bai kuma janye ba, ya nemi hanyar da tsuntsayen za su yi magana da kansu, dattijon kuma ya samu hanyar amincewa ba tare da girmansa ya zube ba. Ka san mutum nawa ne, har da manya masu digiri, ba su iya wannan ba? Jami'ar da ke tara yara daga ƙasashe daban-daban a ɗakin kwana ɗaya da aji ɗaya tana son ta san yadda kake yi in kun saɓa da wani. Ga amsar a hannunka, ka bar ta a waje kana neman Darwin.

Darwin ɗin ma ka cire shi. Gaskiya ne ya yi kiwon tattabaru, amma mai karatu ya sani, kuma kai ba daga wurinsa ka fara ba. Bayanin kuromosom jimla biyu ta ishe shi.

Abu na ƙarshe da ke damuna a 'yan shekarun nan shi ne hannu da yawa. Yaro ya rubuta abu mai rai, ya ba kawu ya gyara, ya ba yaya, ya zuba a ChatGPT ya ce a goge masa, sai ya dawo mini da rubutu sumul wanda ko'ina a duniya za a iya cewa daga can ya fito. Tukunyar ƙasa ta koma "muhallin kiwo", Baba ya koma "jagora a cikin al'umma". Dokar Common App ta sa rubutun da ƙirƙirarriyar basira ta yi maka cikin abin da take ɗauka maguɗi. Jami'ar Duke ma a 2024 ta bayyana cewa ta daina ba maƙala maki na lamba, saboda ba ta da tabbacin wa ya rubuta. Tana karantawa ne don ta fahimci mai neman. Ka ba mutum ɗaya ko biyu su nuna maka inda ba su gane ba da inda nahawu ya karye, gyaran kuma ka yi da hannunka.

Abban Zara:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai kada yaron nan ya ɗauka maƙala ce za ta biya kuɗin makaranta. 'Yata ta bi wannan hanya. Yawancin jami'o'in Amurka suna duba ko ɗalibin waje zai iya biya kafin su ɗauke shi. Kaɗan ne ba sa dubawa kuma suke cike duk gibin kuɗin da ɗalibi ba zai iya biya ba, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, su ne kuma suka fi wahalar shiga. Ka faɗaɗa jerin makarantunka, ka duba waɗanda suka dawo da sharaɗin jarrabawar SAT, ka tuntuɓi EducationUSA, masu ba da shawara kan karatu a Amurka, a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja. JAMB ɗinka kuma kada ka yi wasa da ita, ga Ahmadu Bello nan a bakin ƙofarku. In ka nemi Ingila kuma, rubutun UCAS, fom ɗin neman jami'o'insu, daban ne, harafi 4,000 ne kuma kan darasin da za ka karanta ake so ka tsaya, can bayanin kuromosom ɗin zai yi amfani sosai.

Ɗan Ƙofar Doka:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abba, na yi JAMB, kuma zan tuntuɓi EducationUSA insha Allahu.

Malama, maganarki ta taɓa ni, don da gangan na bar Baba a waje. Abu biyu ne suka hana ni. Na ɗaya, in na rubuta labarin sai ya zama kamar ina cewa na fi dattijo sani, mu kuwa an tashe mu a kan yabon kai jahilci ne. Shi ne ya koya mini yadda ake riƙe tattabara ba a karya mata fiffike ba, da yadda ake gane wadda ba ta da lafiya tun daga tsayuwarta, da lokacin da shaho ya fi kawo farmaki. Abu ɗaya na gano, shi ya san ɗari. Ba na so wasu mutane a wata ƙasa su karanta su ɗauke shi tsoho mai taurin kai da yaro ya waye. Na biyu, ban sani ba ko ya dace in sa shi a rubutu bai sani ba.

Akwai kuma jimla ɗaya daga ta Hajiya da nake jin ciwon rabuwa da ita, inda take cewa namiji ne ke karɓar kwanci da rana don ita ta je ta ci abinci, amma yaron nan sai ya rubuta ƙwan da sunanta kaɗai. Haka tattabaru suke yi da gaske, har abincin 'ya'yan su biyun ke ba su daga maƙoshi. Zan iya riƙe ta?

Malama Hadiza:

Abin da ka rubuta yanzu game da fiffike da tsayuwa da shaho, ka ɗauke shi yadda yake ka sa a maƙalar, kafin labarin zaren. In mai karatu ya fara ganin abin da Baba ya ba ka, ba zai raina shi ba, kuma zai gane dalilin da ya sa ba ka musa masa ba. Ba sai ka ce kai mai ladabi ne ko mai basira ba. Ka faɗi abin da ya faru bi da bi, ka tsaya a ranar da jikansa ya zo kiranka. Wannan ba yabon kai ba ne, ba da labari ne. Sai ka ƙara sakin layi ɗaya kan tambayar da littafin bai amsa maka ba tukuna, wadda kake so ka je ka koyi yadda ake binciken ta. Na tabbata akwai, tunda ba duk launuka ne ke bin wannan ƙa'idar ba.

Ka je ka gaishe shi ka gaya masa, ka fassara masa abin da ka rubuta da Hausa. Sunansa ba sai ya fito ba, Baba ya isa. In ya nuna bai so, ka dawo mu sake shawara.

Jimlar kwancin ka riƙe ta, amma ka mayar da ita bakinka: ka ce ka lura namiji ne ke zama kan ƙwan da rana, sai ka ƙara layi a littafin don sunansa. Cikakkiyar maƙalar Hajiya kuma ka adana ta, in Chicago na cikin jerinka ka duba tambayoyinsu na bana ko akwai wadda za ta shiga.

Ka yi wa malamin Bayolojin nan magana a wannan makon kan wasiƙar shaida, ka nuna masa littafin ya gani da idonsa kafin ya rubuta. Malamanmu da yawa ba su saba da tura wasiƙa ta intanet ba, sai ka zauna da shi ku buɗe saƙon gayyatar da Common App zai aika masa tare, kada ku bari sai ƙarshen Oktoba.